Ƙarshen Labarin Mano

Litinin, 6 ga Maris

Nohea ta iso a ƙaramin jirgin safe. 'Yar ƙanena Lopaka ce, wanda ya bar tsibirinmu na Molokai ya tafi Las Vegas neman arziki, ya ƙare a buɗe wa 'yan caca ƙofar otal. Rabona da ita tun tana famfara. Yanzu ga ta ƙatuwar budurwa, hannunta na hagu duk zanen allura har kafaɗa, wai tambarin kakanninmu ne. Kakannin wa, oho.

Ta durƙusa gaban Mama ta zubo gaisuwa da harshenmu, irin wanda ake koya a waya. Mama ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo ta tambaye ni wa ya kunna rediyo.

Abin da ya kawo ta: littafin yara mai hotuna. Wasu masu buga littattafai a Honolulu sun ce ta kawo, ita za ta rubuta, ita za ta zana. Kuma duk labaran duniya ba ta ga wanda za ta taɓa ba sai na mano, ƙaton kifin teku, namu na gida. Lopaka bai ga ya dace ya kira ni ya ce ga abin da ake ciki ba, sai ganin akwatin 'yarsa na yi a ɗakin ɗinkina.

Ta zo da madararta a kwali, wai ta 'ya'yan itace ce, ta saniya tana ɓata mata ciki. Allah ya kyauta.

Laraba, 8 ga Maris

Tambaya, tambaya, tambaya. Me ya sa ake dasa gwaza a cikin ruwa. Me ya sa ba a yin faɗa in kwanon poi, tuwon gwazarmu, yana buɗe a kan tebur. Wane ne wannan a hoto. Me ya sa Kaka take zuba loma ta farko a ƙasa. Har kaza ta tambaye ni sunanta. Kaza.

Mu da aka haifa a gidan nan, kafin mu iya tafiya aka koya mana: ka duba da ido, ka saurara da kunne, ka rufe baki. Yaro mai ƙwaƙƙwafi abin kunyar iyayensa ne. Babba ya san ranar da zai ba ka abu, ba kai za ka faɗa masa ba. Na gaya mata haka cikin ruwan sanyi. Ta ce a makarantarsu malamai suna yaba wa mai tambaya. Na ce ai ga sakamakon nan muna gani.

Labarin kuwa kowa a gabashin tsibirin nan ya san rabinsa. Yarinya ta bi ubanta a kwalekwale, iska ta kife su a mashigin da ke tsakaninmu da Maui, ruwa ya raba su. Mano ya taso, ƙaton kifin nan mai haƙoran zarto, maimakon ya cinye ta sai ya ɗora ta a bayansa ya kawo ta gaɓa. Da za ta sauka ta shafa bayansa, ta ga wani abu a fatarsa, ta ruga gida tana kuka. Daga tsatsonta muka fito. Shi ya sa ba ma cin mano, ba ma kashe shi.

Nan Mama take tsayawa. Tun ina ƙarama nan take tsayawa, ta kaɗe rigarta ta ce saura ba na yau ba ne. Abin da yarinyar ta gani, da abin da ya sa ta kuka, Mama kaɗai ta sani a duniya, daga bakin kakarta ta karɓa. Ni ce babbar 'yarta. Ni ce na zauna da ita kowa ya watse. Ni zan karɓa. Na haura sittin ina jira, kuma ban ga laifin jira ba.

Abin da ke damuna, a nan kaɗai zan faɗa: kan Mama ya fara yoyo. Jiya tabarau ɗinta a firji na same shi. Likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. In ta manta kafin ta ba ni, ya tafi ke nan, babu inda za a je a samo.

Asabar, 11 ga Maris

Na ga hoton farko. A kan wani allon gilashi take zane da tsinken roba, ko fenti babu, ko datti a yatsa. Wai aiki.

Manon yana murmushi. Har da gashin ido, zara-zara. Yarinyar kuma ƙugu kamar na zanzaro, da fure a kunne, sak matan da ake bugawa a kalandar baƙi masu zuwa shan iska. Ita da aka tsamo daga tsakiyar teku, furen bai ko jiƙe ba.

Muna cin abincin rana ta dubi Mama ido cikin ido ta ce, "Kaka, me yarinyar ta gani a bayansa?" Haka kawai, kamar mai tambayar ina gishiri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama ta yi ta kallon ta, ta ce wace yarinya. Na ji daɗi da ba ta samu ba, na kuma ji tsoro da Mama ba ta gane maganar ba. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Amma da Nohea ta tura mata allon ta ga murmushin, sai Mama ta buga tebur. Ta ce wane mahaukaci ne ya ce mano yana dariya. Ta kwatanta idonsa, ta kwatanta yadda fatarsa ke goge cinyar mutum har jini, ta ce da yarinyar ta sauka ƙafafunta duk sun saɓule. Ta daɗe tana magana tiryan-tiryan, kamar ba ita ce ta kasa tuna sunan limamin cocinmu shekaranjiya ba. Nohea baki har kunne. An zage ta tas, tana godiya.

Talata, 14 ga Maris

Yau ta zana ayaba a cikin kwalekwalen masunta. Nono guda. Ko ɗan yaye a tsibirin nan ya san wanda ya ɗauki ayaba zai dawo da koma wayam.

Alhamis, 16 ga Maris

Mama ta ga ayabar. Ta ce a cire kafin ta ci mutuncin wani. Daga nan ta shiga lissafa abin da uban ya ɗauka, ƙugiyar ƙashi, gorar ruwa, tabarma. Ta ce a ƙarƙashin tabarmar yarinyar ta ɓuya, don uwarta ta rantse babu wanda ta haifa da zai shiga mashigin nan muddin tana numfashi. Uban bai san tana ciki ba sai da suka yi nisa.

Ban taɓa jin wannan ba. Wataƙila ƙarin tsufa ne.

Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya har suka gama. Ba saurare nake ba, wurin ne ke da ƙura.

Lahadi, 19 ga Maris

A coci matan duk sun yanyame Nohea. Puanani, maƙwabciyata mai bakin ganga, har da rataya mata furanni a wuya, wai 'yar gida ta dawo ta raya mana al'ada. Ta raya. Da a mace take kenan, ni da nake sassabe gonar gwazar nan da gwiwar da likita ya ce a hutar da ita. In baƙo ya zo da sabon takalmi sai a manta da wanda ya share hanyar.

Lopaka ya kira da yamma. Wai ya ji yarinyar tana ƙoƙari. Na ce ƙwarai, ta sa wa mano gashin ido. Ya yi dariya ya ce, Yaya, ki sassauta mata. Na ce ya turo mini tarbiyyar da ya manta bai saka mata a akwati ba. Ya ce layin ba kyau.

Alhamis, 23 ga Maris

Matar kamfanin littafin ta kira Nohea ta waya mai hoto, ina ɓare gwaza ina ji. Da fure a kunne ita ma, a ofis. Murya kamar an jiƙa ta da zuma. Ta ce hotunan sun taɓa mata zuciya, sai dai a rage haƙoran kifin kada yara su firgita, a ba shi suna gajere wanda iyaye a can babban yankin, waɗanda ba 'yan tsibiri ba, za su iya faɗa, a kuma tabbata ƙarshen yana da daɗi. Nohea ta ce ƙarshen ne ba ta samu ba tukuna. Matar ta ce ba damuwa, almara ce ai, kowa yana da 'yancin ƙarasawa. Tana so ranar Juma'ar bayan Ista, in ya wuce sai baɗi ko kuma a ba wani gurbin.

Kowa yana da 'yancin ƙarasawa. Bari in je in ƙarasa wa kakarta labarin aurenta mu ga.

Nohea dai ta ƙi yarda da sunan. Haƙoran ma ta ce ba za ta cire ko ɗaya ba. Ban yaba mata ba, kada kanta ya kumbura.

Amma lissafin a fili yake. In Mama ba ta faɗa ba, yarinyar nan za ta ƙaga, a buga, a raba wa makarantu. Jikokin Puanani su haddace ƙarya, in na mutu ita ce gaskiya.

Litinin, 27 ga Maris

Na kama ta.

Na shiga ɗakin ɗinki ɗauko almakashi, ba ta ji ni ba. Tana zanen kwalekwalen, da gungumen nan da ake ɗaure masa a gefe don kada ya kife. A hagu ta sa shi, inda ya dace, har ɗaurin igiyar daidai, irin na Baba. Na kusa cewa madalla. Sai na ga ta goge shi tsaf ta mayar dama. Ta dube shi, ta ƙara masa wani ɗan tuta a baya don iskanci.

Wato ta sani. Ayabar ma ta sani.

Na bari sai da muka zauna cin abinci, Mama ta koma ta kwanta. Na ɗauki faifai na rufe kwanon poi, don a gaban poi ba a ɗaga murya. Ta ga na rufe, ta ajiye cokali. Wannan dai ubanta ya koya mata.

Na ce ta faɗa mini wasan da take yi da tsohuwa.

Ta ce, "Anti, in na tambaye ta tsoro take ji, don ta san ta manta. In na yi kuskure haushi take ji. Haushin ne ke tunawa."

Na ce, "Wato tarko kike ɗana wa kakarki."

Ta ce, "Ke me kike ɗana mata?"

Na ce ladabi.

Ta kalli faifan. Sannan a hankali ta ce, "To ladabin ya kamo miki me, Anti?"

Da a zamaninmu ne da bakinta ya yi jini. Na miƙa hannu na buɗe kwanon. Maganar ta mutu, muka ci abinci, kowa idonsa a kan yatsunsa.

Laraba, 29 ga Maris

Ba na yi mata magana. Ba ta lura ba, don ita take yin ta mutum biyu.

Asabar, 1 ga Afrilu

Yau Mama ba ta tashi da kyau ba. Ta rasa hanyar banɗaki a gidan da ta haife mu, ta ɓata jikinta a tsakar ɗaki, ta tsaya tana kallon ƙasa kamar wani ne ya yi. Ta kira ni baiwar Allah, ta ce in taimaka in nemo mata 'yarta Iwalani, wato ni.

Kafin in ɗauko ruwa Nohea ta riga ta cire mata riga. Ba ta yatsine fuska ba. Tana wanke ta tana yi mata wata waƙar yara da wannan harshen nata na rediyo, Mama tana gyara mata kalma ɗaya-ɗaya. Ta iya riƙe tsohuwa, wannan ba zan hana ta ba. Sabulun dai ta zuba da yawa, kamar ita take saye.

Na fita gona na zauna a kan kunya, ƙafa a ruwa. Na ji tsoro ƙwarai.

Talata, 4 ga Afrilu

Dabarar gwanar ta ƙare. Mutum yana iya yin kuskure da gangan ne a abin da ya sani. Abin da ke bayan manon ba ta san shi ba, sai lalube. Ta zana tabon mashi, Mama ta kalla ta yi hamma. Ta zana ƙugiya a maƙale, ta zana tauraro, ta zana ɗan kifi a manne. Mama ta ce hoton ya yi kyau. Tunda Mama ta fara cewa ya yi kyau na san ba ta nan.

Da la'asar ta nuna mini shafin ƙarshen da za ta tura in komai ya ƙi. Yarinya a gaɓa tana ɗaga hannu, mano yana ɗaga wutsiya, bakan gizo daga wannan dutse zuwa wancan. A ƙasa ta rubuta wai yarinyar ta yi kukan farin ciki ne don ta yi sabon aboki. Aboki. Kamar sun haɗu a filin wasa.

Na ce ya dace da madararta. Ba ta rama ba. Ta ce ita ma ta tsane shi.

Na so ta rama.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ista. Na gasa alade, Puanani ta kawo kek ɗin kwakwa mai ɗanyen ciki kamar kullum, kowa ya yi ta yabo.

Muna wanke-wanke Nohea ta ce hutunta na wurin aiki ya ƙare, jibi za ta koma. Ta ce, "Anti, ke ki tambaye ta mana. Ke ta sani. Muryarki ce kaɗai take juyowa in ta ji." Na ce ba a haife ni don in tsare uwata da tambaya kamar ɗan sanda ba. In nawa ne zai zo. Ta ce in bai zo ba fa. Na ce ta goge tukunyar da kyau, akwai maiƙo a gindi.

Wai matambayi ba ya ɓata. To ita da ta yi wata guda tana tambaya, ga ta nan da bakan gizo.

Talata, 11 ga Afrilu

Ta tafi. Puanani ta kai ta filin jirgi, ni gwiwata tana ciwo. Ta rungume ni kamar za ta karya ni, ta bar shafukan da ta buga a takarda a kan keken ɗinkina, wai Kaka ta riƙa kallo. Na bakan gizon a sama. Juma'a za ta tura.

Na sami ɗakina. Na buɗe tagogi.

Laraba, 12 ga Afrilu

Shiru har kunne yana ƙara. Ta bar rabin kwalin madarar a firji, na ɗanɗana, ruwan wankin shinkafa ne. Mama ta yini tana leƙa ɗakin ɗinki tana tambayar ina mai hotuna.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Zan rubuta yadda ya faru, kada ni ma kaina ya fara yoyo.

Da hantsi na fito da Mama baranda, na kawo mata shayi da burodi. Ta tashi garau, ido a buɗe, har ta ce teku ta yi kyau da fita. Na zauna kusa da ita ina tsince wake. Ta dafa gwiwata ta ce, "Nohea, ina hoton yau?"

Ban gyara mata ba. Likita ya ce a daina gyara mata. Na ce, Kaka, yau babu hoto. Ta ce to me ya kawo ni. Na kalli waken. Ban san daga ina ya fito ba, kuma ba ni ba ce, tunda ba sunana ta kira ba. Na ce, "Kaka, da ta shafa bayansa, me ta gani?"

Wannan karon ba ta ce wace yarinya ba. Ta yi wata 'yar dariya, ta tsoma yatsa a shayi ta zana a kan katakon baranda: layi uku a karkace, ɗigo, layi uku suna komowa. Ta ce matan da, masu buga kapa, zanen ɓawon itace, kowacce tana da hatiminta na gora da take dangwala wa zaninta, babu mai ɗaukar na wata. Wannan na uwar yarinyar ne. Shi ta gani a fatar manon, jere reras daga wuya har wutsiya, irin wanda ke jikin mayafin da take kwana a ciki.

Ta ce kafin a haifi yarinyar uwar ta haifi ɗa namiji wanda bai zo da numfashi ba. Uban ya naɗe shi a kapar uwar, ya kai shi tsakiyar mashigin ya miƙa wa teku. Ba a sake ambatonsa ba, yarinyar ba ta ma san an yi shi ba. Shi ya sa uwar ta hana ta shiga mashigin. Da yarinyar ta shigo a guje tana kuka tana cewa ta ga hatimin a jikin kifi, uwar ta fita ta shiga ruwa har ƙirji ta kira wani suna. Manon ya zo ya kwantar da kansa a kan cikinta. Mama ta ce, "Wanta ne. Ɗan'uwansa ya zo ɗauka." Ta gyara, ta ce 'yar'uwarsa.

Ta ja kunnena kusa da bakinta ta faɗa mini sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na shiga da sauri na ɗauko fensir, takardar da ta zo hannuna ita ce ta bakan gizon, na juya bayanta na kwafe hatimin kafin katako ya shanye. 

Da na zauna ta shafa kaina ta ce, "Kin ga, ke kin tambaya. Ni sai da kakata ta jefe ni da ɓawon kwakwa saboda naci, sannan ta ja ni bakin ruwa ta faɗa mini. Iwalani tawa 'yar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma labarin bai dame ta ba. Kullum sai in tsaya a wurin nan in kaɗe riga, ina jira ta ce sai me. Sai ta tashi ta kwashe kwanuka."

Na ce, "Kaka, wataƙila an koya mata rufe baki ne."

Ta ce, "Kowa ma an koya masa."

Ta juya tana kallon teku, ta tambaye ni ko an ba kaji hatsi. Na ce an ba su. Na tashi na kwashe kwanuka.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Na kira Nohea da sassafe kafin ta tura wannan abin kunyar. Ba don ita ba, don jikokin mutane.

Na faɗa mata a taƙaice. Ta fashe da kuka a waya, da ƙarfi, a wurin aiki, ko kunyar mutane babu. Na ce ta share hanci ta saurara. Hatimin zan sa Puanani ta ɗauka a waya ta tura mata, ta zana shi yadda yake, ban da ƙawa. Jaririn ya shiga littafin, in matar kamfanin tana ganin yara za su firgita ta zo ta same ni a gona. Sunan kuwa ba na takarda ba ne, ba na waya ba ne. In tana so ta sayi tikiti ta zo ta tsaya a bakin ruwa.

Ta ce, Anti, ya aka yi ta faɗa miki. Na ce ina ruwanta.

Daga nan ta buɗe famfo. Wane launi ne kapar, uwar da riga ta shiga ruwan ko da zani, ruwan ya cika ne ko ya janye, ana iya nuna fuskar uwar ko a nuno ta ta baya. Ta tsare ni har kifina ya ƙone a kasko. Na amsa mata wanda na sani. Kifi ne kawai.

Akwai wanda ban sani ba: yadda uban ya tsira. Ita ta lura, ni ban taɓa lura ba, ko na lura na bar shi.

Da rana na kai wa Mama shayi, ta ɗago ta ce, Iwalani, kin rame. Da sunana. Na ajiye kofin na zauna. Na ce, Mama, uban fa, ya aka yi ya fito daga ruwan? Don Nohea za ta so sani, ba don komai ba.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce ta manta.

Gobe in ta tashi da sauƙi zan sake tambaya.